Kafin a Kai ga Likkafani: Amsoshi Kan Duka da Kisan Mata a Zangonninmu

Na daɗe ina zama da matan Nima da Maamobi da Sabon Zongo a nan Accra a kan maganar duka a gidan aure, kuma tambayoyin da ake yi mini a wurin suna da biki da bayan karatun Asabar ba su taɓa canjawa ba. Na gaji da maimaita su a tsaye a bakin ƙofa, shi ya sa na rubuta amsoshin wuri guda, domin wanda zai sake tambayata ya fara karantawa tukuna.

Me ya sa ake ware kisan mata da suna na daban, alhali maza ma ana kashe su?

Maza sun fi yawa cikin waɗanda ake kashewa a duniya, babu mai musu. Bambancin shi ne yawanci a waje ake kashe namiji, ita kuwa mace a ɗakinta, a hannun wanda take dafa wa abinci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko samarinsu ko danginsu, wato kusan 140 kowace rana, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawa da kimanin 21,700. Diana Russell ce ta fito da sunan, wato femicide da Turanci, a gaban taron duniya a Brussels a 1976, daga baya Marcela Lagarde ta Meziko ta faɗaɗa ma'anarsa bayan kashe-kashen garin Ciudad Juárez, ta haɗa da laifin hukumar da ta san ana yi ta kau da kai.

Wannan ai matsalar ƙasashen waje ce, ko kuwa?

Wanda ya tambayi haka ko dai yaro ne, ko kuma mantuwa ta kama shi. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000 an riƙa tsintar gawarwakin mata a nan Accra, a wajejen Mataheko da Dansoman, har suka haura talatin, kuma sai da mata suka haɗu a ƙungiyar Sisters' Keepers suka fito kan titi kafin hukuma ta ɗauki abin da zafi. A Yulin 2020 kuma an kashe Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, a Kafaba, da rana tsaka, bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo.

Hajiya, ba addini ne ya ba miji damar ladabtar da matarsa ba?

Ku ji tsoron Allah, ku daina jingina wa addini zafin hannunku. Na san ayar da za a kawo mini, ta 34 a Suratun Nisa'i, na kuma san malaman tafsiri sun ɗaure ta da sharuɗɗa, sun hana taɓa fuska, sun hana abin da zai bar rauni, har an ruwaito misalin asawaki. Wace alaƙa ce tsakanin wannan da wayar wuta da taɓarya da shaƙe wuya? Nana A'isha ta shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana riƙe mace domin a cutar da ita, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi alƙali yana iya raba aure saboda cutarwa ko da miji ya ƙi. Malamin da ya san duk wannan, sannan mace ta zo masa da ido a kumbure ya ce mata ta koma ta yi haƙuri kawai, ya ɓoye mata rabin abin da ya karanta.

Su 'yan jami'a da masu bincike me suka tsinana ban da taro a otal?

Dokar da ke kare ki yau daga aikinsu ta fito. A 1999 cibiyar Gender Centre ta nan Accra ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a faɗin ƙasa ƙarƙashin Dorcas Coker-Appiah da Kathy Cusack, wanda ya nuna mace ɗaya cikin uku ta taɓa shan duka. Da waɗannan alƙaluma ne gamayyar ƙungiyoyi ta yi shekaru tana matsa wa majalisa lamba, ana ce musu suna so su rusa aure, har aka zartar da Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida mai lamba 732 a 2007. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar CEGENSA mai nazarin al'amuran mata da maza, wadda Farfesa Akosua Adomako Ampofo ta fara jagoranta. Wani mai bincike, Mensah Adinkrah, kuwa jaridunmu ya bi ɗaya bayan ɗaya yana tattara labaran mazajen da suka kashe matansu, ya ga yadda zargin cin amana da yunƙurin matar na barin gidan suke maimaituwa a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ya sauka cikin gari. Gender Centre ta horar da mutanen ƙauyuka, maza da mata waɗanda jama'arsu suka zaɓa da kansu, a tsarin da ake kira COMBAT, suna wayar da kai, suna raka wadda aka zalunta zuwa asibiti da ofishin 'yan sanda, kuma masu binciken lafiyar al'umma na Legon sun bi sawun aikin a Yankin Tsakiya domin su auna tasirinsa. Mu a zango muna da sarakuna da magajiyoyi da limamai da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAG, kuma a Kumasi akwai Muslim Family Counselling Services. Mutanen da za su yi aikin suna nan, horon ne ya yi mana ƙaranci.

Ina ake kai ƙara?

Sashen DOVVSU na 'yan sanda, wanda aka buɗe a 1998 da sunan WAJU domin irin waɗannan ƙararraki. Idan ana cikin dukan ne a kira 112 ko 191. Maƙwabci ko ɗan'uwa yana iya kai ƙara a madadinta.

Ƙanwata ce mijinta ya shaƙe ta, ya kuma ce wata rana sai ya kashe ta. 'Ya'yanta uku, ba ta da sana'a, ba ta son 'yan sanda, iyayenmu kuma sun ce ta koma. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da take hana ni barci, kuma ba ni da amsa guda da ta dace da kowane gida, don haka ki karanta a hankali ki ɗauki abin da ya yi daidai da halinku.

Farko dai, ki yarda da maganarsa. Kisa a gidan aure ba kasafai yake zuwa ba zato ba, yana aiko da manzanni. Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ta yi shekaru tana nazarin matan da aka kashe da waɗanda suka tsira, ta fitar da ma'aunin haɗari, kuma alamun da ke ciki su ne barazanar kisa, da makami a gida, da kishi mai tsanani, da sa ido a kan wayarta da fitarta, da duka lokacin da take da ciki, da cewa zai kashe kansa idan ta tafi. Shaƙe wuya yana cikin mafiya muni, domin bincike ya nuna macen da aka taɓa shaƙewa haɗarin a kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Ƙanwarki tana da manyan alamu biyu. Ya kamata likita ya duba ta ko da babu tabo a wuyan, musamman idan muryarta ta dishe ko haɗiya tana yi mata wuya, saboda raunin yana iya zama a ciki.

Amma kada ki ɗauka cewa fitar da ita yau da daddare shi ne ƙarshen magana. Lokacin barin gida da watannin da ke biye suna cikin lokutan da suka fi haɗari, domin a nan ne mutumin yake ganin abin da yake juyawa ya kuɓuce masa. Saboda haka kada ta yi masa sallama, kada ta yi masa barazanar tafiya cikin faɗa, kuma kada a kai ta gidan da ya sani idan akwai wani. Gidan iyaye shi ne wurin farko da zai nufa. Wata gwaggo a Madina ko Ashaiman ko Kumasi, wadda ba ta da surutu, ta fi. Idan babu dangi, a tambayi DOVVSU ko ofishin jin daɗin jama'a ko Ark Foundation game da mafaka, ko da yake gidajen mafaka a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba zan yi miki alkawarin za a sami gado ba.

Idan kuma ta ce ba za ta fita yanzu ba, kada ki yi fushi ki yanke ta, domin kaɗaici shi ne abin da mijin yake so. Wataƙila tana tsoron a raba ta da 'ya'yanta, wataƙila kuɗin haya, wataƙila har yanzu tana son sa, kuma ita ta fi kowa sanin lokacin da idonsa yake juyawa. Ki karɓi katin Ghana ɗinta da katin inshorar lafiya da takardun haihuwar yara ki ajiye a wurinki. Ki riƙa tara mata 'yan sidi a layin da bai sani ba. Ku ɗauki hoton duk wani rauni da kwanan wata, ku ajiye saƙonninsa na barazana a wayarki, ba tata ba. Ku shirya wata kalma da za ta faɗa a waya ki gane ana bukatar agaji, ku kuma sanar da mutum ɗaya amintacce a gidan hayar, wanda zai buga ƙofa idan ya ji ihu. Idan faɗa ya tashi ta nisanci inda wuƙaƙe suke, ta matsa kusa da ƙofa.

Game da 'yan sanda, ki bayyana mata cewa ba kowace ƙara ce take ƙarewa da kurkuku ba. Kotu tana iya ba da umarnin kariya da zai hana shi kusantarta, na wucin gadi har zuwa wata uku, na ƙarshe har zuwa shekara guda, kuma ana iya sabuntawa. Kotun iyali tana iya tilasta masa ciyar da yara. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Tallafin Shari'a suna taimaka wa marasa kuɗin lauya. Takarda dai ba ta tare wuƙa, kuma na ga wadda aka yi ta yi mata yawo da hankali kafin a saurare ta, don haka ki raka ta, kada ta je ita kaɗai. Ina girmama ra'ayinta na ƙin kai ƙara, amma ranar da kika ji yana dukanta ko ya ɗauko makami, ki kira 'yan sanda ba tare da neman izinin kowa ba.

Iyayenku kuma ki je musu da ladabi, ki tafi da wani babba da suke jin nauyinsa, ki faɗa musu kalmar da ya furta kamar yadda ya furta ta. Sau da yawa Baba da Inna ba su san an kai nan ba, domin 'yarsu tana rage musu labari saboda kunya.

To sulhu fa? An hana ne?

Ba a hana ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tura mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, dokar 2007 ma ta bar ƙofar sasantawa a ƙananan laifuka. Saɓani a kan cefane ko kishiya ko dangin miji, wannan na zaure ne. Shaƙewa da barazanar kisa da fyaɗe da lalata yarinya sun wuce goro da ban haƙuri. Wanda ya kwana da yarinyar da ba ta kai 16 ba hukuncinsa shekara 7 zuwa 25 ne, kuma dattijon da ya karɓi kuɗi ya rufe maganar ya sayar da jikar wani.

An ce sai an biya likita kafin ya cika fom ɗin 'yan sanda. Gaskiya ne?

Doka ta ce magani kyauta ne ga wadda 'yan sanda suka tura, amma a aikace ana yawan neman kuɗin cika fom, kuma ƙararraki da dama a nan suke mutuwa. Wannan ne wurin da adashinmu da asusun masallaci za su yi amfani. Idan fyaɗe ne, a je asibiti kafin wanka in da hali, kuma kada a wuce awa 72, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokaci ake fara shi.

Idan na yi magana ba za a ce na tona asirin aurena ba?

Za a faɗa, 'yar'uwa, kuma za a gaji a daina. Ba ke kika jawo ba, ba gishirin miya ba ne, ba bakinki ba ne. Wanda ya ɗaga hannu shi ya tona asirin gidan, tun da maƙwabta sun daɗe suna ji ta bango.

Mu maza me ake so mu yi?

Ku yi wa abokinku magana a majalisa tun ranar da ya fara alfahari da mari, kada ku jira ranar jana'iza. Liman ya sa maganar a huɗuba, musamman tsakanin 25 ga Nuwamba da 10 ga Disamba, kwanaki 16 da duniya ta ware tun 1991 domin yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ranarsu ta farko ke tuna mata uku 'yan'uwa 'yan gidan Mirabal da aka kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960. Waliyyi ya yi bincike kafin ya ba da aure, ya tambayi yadda auren farko ya mutu, ya kuma faɗa wa ango a gaban shaidu cewa ƙofar gidansu a buɗe take ga 'yarsa. Mai gidan haya kuma da ya ji ihu da tsakar dare ya tashi ya buga ƙofa, ya kira maza biyu su tsaya tare da shi har a buɗe.