Shin da gaske an hana fiya wata a Legas?

Tun da gwamnatin jihar Legas ta fara aiki da haramcin robobin da ake amfani da su sau ɗaya a ranar 1 ga Yulin 2025, jita-jita ta ƙi ƙarewa: wai an hana fiya wata, wai duk wanda aka gani riƙe da leda sai gidan yari. Ba haka abin yake ba. Kwamishinan muhalli, Tokunbo Wahab, ya fito ya bayyana cewa ledar fiya wata da gorar ruwa ba sa cikin haramcin. Abin da aka hana shi ne farar robar zuba abinci mai kama da kumfa (wadda tun Janairun 2024 aka haramta), da bututun shan lemo, da kofuna da cokulan roba, da leda marar kauri.

A kan ledar ne mutane suka fi rikicewa. Ma'aunin shi ne maikiron 40, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ledar da ba ta kai wannan kaurin ba, irin shara-sharar nan da kan yage tun kafin a isa gida, ita ce haramtacciya. Mai kauri tana nan halas. To amma wace mai tireda ce ke da abin awon maikiron? A nan nake ganin ba a kyauta wa ƙaramin ɗan kasuwa ba. Shi abin da dila ya kawo masa yake saye, kuma idan jami'ai suka zo, kayansa za a kwashe, shagonsa za a rufe. Kamata ya yi ƙarfin hukuma ya fi sauka a kan masana'antu da masu shigo da kayan.

Duk da haka, dalilin dokar a fili yake. Legas gari ne da ke kwance dab da teku, kuma da sauyin yanayi tekun ƙara tasowa yake yi. Idan aka tafka ruwa daidai lokacin da teku ya cika, magudanai ba su da inda za su juye. Ka leƙa bakin kwalbati bayan ruwan sama, za ka ga farar robar nan ta taru ta yi tudu, ruwa ya koma baya ya shiga ɗakunan mutane, katifa da buhun abinci duk sun jiƙe. Galibi ɗakunan talakawa ne, su ɗin da ake tsoratarwa da wannan jita-jita.