Shara ce ke kiran beyar ƙofar gida

'Yan uwa mazauna jihar New Jersey a Amurka, musamman waɗanda suka bar Newark suka koma unguwannin bakin daji a yankunan Sussex, Passaic, Morris da Warren, ku ba ni aron kunnuwanku. Kaka ce lokacin da baƙar beyar, wato babbar dabbar dajin nan da ake kira bear a Turance, ke ci ba ƙaƙƙautawa don tara kitsen barcin hunturu. A yini ɗaya takan nemi kalori 20,000, hancinta kuwa ya fi na kare kaifi.

An daɗe ana ja-in-ja kan farautarta. Bayan shekara fiye da 30 da hani, an buɗe farauta a 2003, aka kashe 328. Daga baya gwamnan jihar na lokacin, Phil Murphy, ya tsayar da ita, a 2022 kuma ya dawo da ita saboda koke-koke sun ƙaru. Masu goyon baya na cewa dabbobin sun yi wa dajin yawa, masu adawa na cewa zubar da jini ne kawai.

Ni dai a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, abin da ke damuna yana bayan gidanku. Maharbi a daji yake harbi. Beyar da ta ɗanɗana abincin kwandon shara ba ta daji ba ce kuma, ta daina tsoron mutum, ita ce ke haura katanga inda yara ke wasa. Ƙarshenta ma sau da yawa kisa ne.

Mu kuma da namu halin. Mukan gasa tsire a tsakar gida mu bar waya da maiƙo ta kwana, mu shanya kilishi a fili, da layya mu jibge fata da tumbi a leda. Don Allah a wanke wayar gashi, a kulle shara a gareji sai safiyar ranar kwasa. Ciyar da beyar da gangan laifi ne, tararsa na iya kai dala 1,000.

In kun yi kiciɓis da ita, kada ku ruga, kada ku hau bishiya, duk ta fi ku iyawa. A 2014 wata ta kashe ɗalibin jami'ar Rutgers a West Milford bayan shi da abokansa sun watse da gudu. Ku tsaya tare, ku ɗaga hannuwa, ku yi ƙara, ku ja da baya a hankali, ku bar mata hanyar fita. In ta kawo hari, ku doke ta da duk abin da ke hannu, kada ku kwanta kamar matattu. Iyaye, ku gwada wannan da yaranku kafin su fita jiran motar makaranta.