Maganin feshi a abinci: wa ke yanka iyakar abin da jiki zai ɗauka a rana guda?

Wai da gaske akwai adadin maganin ƙwari da mutum zai ci bai cutu ba?

Akwai, amma ɗan mitsitsi ne, da miligiram ake auna shi. Iyakar ma iri biyu ce, ɗaya ta abin da za ka riƙa ci kullum har tsufa, ɗayar ta cin lokaci guda, awa 24 ko ƙasa da haka, wadda suke rubutawa ARfD. Ta biyun muke magana.

Su wa ke yankewa?

Kwamitin masana na FAO da WHO, wato hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1963 suke zama. Amurka da Turai na da nasu hukumomin, nan gida kuma NAFDAC ke yi wa magani rajista.

To mutane suke ɗura wa su gani?

A'a, galibi dabbobi ne, ɓera, zomo, kare. A raba su kashi kashi, wannan a ba shi kaɗan wancan a ƙara mishi, sai a zuba ido, wa ya fara karkarwa, wa ke dalalar da miyau, a gwada jini, a duba 'ya'yan cikin masu ciki. Adadi mafi yawa da bai yi musu komai ba shi ake ɗauka a raba gida 100, wato goma sau goma, goma don mutum ba ɓera ba ne, wata goman don mu ma jikinmu ba ɗaya ba, tsohuwa mai ciwon hanta ba daidai take da saurayi majiyi ƙarfi ba. A ce ɓera ya ɗauki miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa lafiya lau, na mutum ya zama 0.1 ke nan. Mai kilo 60 iyakarsa miligiram 6, yaro mai kilo 15 kuwa 1.5 kacal. Amurka ma tun 1996 dokarta ta ce a ƙara wata goman saboda yara sai in an tabbatar babu buƙata.

Ya suke sanin na cikin kayan lambu bai wuce haka ba?

A yi feshi a gonar gwaji yadda takardar kwalba ta ce, a jira kwanakin da aka rubuta, a tsinka a auna ragowar. Kuma ba da cin mai ƙyanƙyami ake lissafi ba, da na mai ci sosai ake yi, irin yaron da zai zauna wa rabin kankana da buɗa baki, tunda ƙwara ɗaya tana iya kwasar magani fiye da 'yan uwanta. In ya haura iyaka sai a rage yawan feshin ko a hana shi kan wannan amfanin.

Ke nan tumatir ɗin Goronyo da Wurno na jihar Sakkwato ba matsala?

Nan fa gizo ke saƙar. Duk wanga lissafi an gina shi ne kan manomin da ya bi takarda. Wanda ya auna da murfin kwalba ya ƙara ɗaya don tsutsa ta ji jiki, ya yi feshi da la'asar gari na wayewa ya cika kwanduna sai kasuwa, wallahi babu masanin da ya lissafa da shi. Haka mai zuba fiya-fiya cikin buhun wake, a kan wannan maganin ne Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015, alhali buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaron ba magani, iska kawai yake toshe mishi.

Shi mai feshin fa?

Nashi lissafin daban ne don ta fata da numfashi yake shigarsa, ga zafin Sakkwato ba ya bari a sa safar hannu da takunkumi, wani ma daga shi sai singileti tanki na yoyo a bayansa. In aka ga zufa, miyau, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa, a tuɓe mishi kayan a wanke jiki da sabulu, kar a ɗura mishi madara ko manja, a yi asibiti da shi tare da kwalbar.