Wankin haƙori a asibiti ba azaba ba ce

A Gusau na sha jin masu ciwon dasashi suna cewa gara su haƙura da jinin da ke fita in sun yi aswaki, da su je likita ya kankare musu haƙora. Wai zafin ba ya jurewa, kuma haƙoran za su yi ta girgiɗi. Wannan magana tana damuna, don tana jawo asarar haƙora.

Abin da likita ke cirewa datti ne da ya daskare kamar dutse a gindin haƙori, wanda buroshi da aswaki ba sa iya fitarwa. Shi ke kumbura dasashi har ya ci ƙashin da ke riƙe haƙori. Girgiɗin da wasu ke ji bayan wanki, cutar ce ta riga ta yi ɓarna, dattin ya ɓoye ta.

Zafi kuwa yana da magani. Ana shafa maganin kashe zafi a dasashi, ko a yi allurar lidoken wurin ya mutu na 'yan sa'o'i. In aikin da yawa, a raba shi zuwa zama 2 ko fiye. Tsamin haƙori da ake ji bayan wankin yawanci na ɗan lokaci ne. Farasitamol da kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi suna taimakawa. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa wa likita tun kafin a fara.