Waiwaye: Daga Ina Dokokin Gini Suka Samo Asali a Wasan Civilization?

Tun da Civilization VII, kashi na bakwai na wasan kwamfuta da ake gina daula a cikinsa, ya fito a watan Fabrairun 2025, 'yan wasa ba su daina cacar baki a kan dokokin gini ba. Wasu na kukan an ɗaure musu hannu: an ƙayyade yawan matsugunan da mutum zai mallaka kafin jama'arsa su shiga ƙunci, gurbi ɗaya na taswira ba ya ɗaukar fiye da gini biyu, kuma ba kowane gari ne ke da ikon ƙera abu da kansa ba sai an ɗaga shi ya zama birni. Wasu kuwa na ganin dokokin ne suka sa ake zama a yi nazarin taswira kafin a aza tubali. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya aka fara. Alhali ruwa ba ya tsami banza, maganar ta haura shekara 30.

A wasan farko na 1991, birni gurbi ɗaya ne tak a taswira, jama'arsa na aiki a gurabe 20 da ke kewaye da shi. Rumbu, bariki, kasuwa, jami'a, duk a cikin wannan gurbi ake cusa su. Dokokin ba su da yawa: ɗakin karatu kafin jami'a, kasuwa kafin banki. A Civilization II na 1996, yawan jama'ar birni ba ya wuce mataki na 8 sai da hanyar ruwa, ba ya wuce na 12 sai da magudanar ƙazanta. Matsalar tana cikin lissafi ne. Gurbin da birni ke zaune a kai kyauta yake bayar da amfani, ba ya bukatar ma'aikaci. Birni mai mutum goma yana cin gurabe 11, amma birane goma masu mutum ɗaiɗai suna cin 20, kuma sun fi saurin girma. Da 'yan wasa suka gano haka, sai suka cika taswira da ƙananan birane birjik. Civilization III na 2001 ya tsananta dokar almundahana, wadda ke zaftare wani kaso na abin da birni ke samarwa, har birni mai nisa da fada ya kan tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. An ji haushi, amma ba a fasa ba, domin birnin da ke kawo kaɗan ya fi babu.

Inda akalar ta juya, kuma inda masu muhawarar yau ba su cika waiwaya ba, shi ne Civilization IV na 2005, wanda Soren Johnson ya jagoranci tsarawa. An soke almundahana gaba ɗaya. An kuma soke kuɗin da kowane gini ke ci a kowane zagaye. A madadinsu aka ɗora kuɗin ɗawainiya a kan birnin kansa, gwargwadon nisansa da fada da kuma yawan biranen da ke hannunka. Sabon birni ya koma bashi, sai an yi haƙuri da shi kafin ya fara mayar da abin da ya ci.

Duk wanda ya buga wasan ya san yadda abin ke kama mutum. Ka kafa birni na shida, na bakwai, kana murna ƙasarka ta faɗaɗa. Sai ka ga baitulmali na zubewa a kowane zagaye. Ka rage kason binciken kimiyya daga 80 zuwa 60 cikin ɗari, ka sake ragewa, maƙwabcinka mai birane huɗu ya wuce ka a fasaha. Idan kuɗin suka ƙare ƙarƙaf, sojojinka su shiga yajin aiki su fara watsewa. Babu inda wasan ya ce maka kada ka gina. Farashi kawai ya nuna maka, ya kuma ba ka mafita: kotu tana rage rabin kuɗin ɗawainiyar birni, fada ta biyu tana rage nauyin nisa.

Akwai wata doka a wannan wasa da ta fi wannan ƙanƙanta a ido, amma a ganina ita ce uwar duk tsarin birni da ya biyo baya. Manyan gine-ginen ƙasa, waɗanda kowace daula ke gina ɗaya kacal, ba a yarda birni ɗaya ya tara fiye da biyu ba. Jami'ar Oxford tana ninka kimiyyar birni, Wall Street yana ninka kuɗinsa, wani ginin yana ninka saurin horar da soja. Tunda babban birni ba zai haɗiye su duka ba, dole ka zauna ka raba aiki tun da wuri: wannan na ilimi, wancan na kasuwanci, na bakin iyaka na yaƙi. Ga kuma bukkokin da ake kafawa a gurabe, waɗanda sai an daɗe ana aiki a kansu suke girma mataki-mataki har su zama gari mai kawo kuɗi. Wanda ya rushe su ya yi asarar zagaye masu yawa. Daga nan ne shawarar da ka yanke a farkon wasa ta fara bin ka har ƙarshensa.

Abin da ya biyo baya ɗori ne. Civilization V na 2010 ya kawo gurabe masu kusurwa shida, ya mayar da jin daɗin jama'a ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya, ya kuma ce ba za ka gina kwalejin ƙasa ba sai kowane birninka na da ɗakin karatu. Sakamakon haka mutane da dama suka lafe a birane huɗu. Wani wasan daban, Endless Legend na 2014, ya yanka taswira yanki-yanki, birni ɗaya a kowane yanki, yana bazuwa zuwa guraben da ke gefensa. Sai Civilization VI na 2016 ya fito da unguwanni fili: ta farko tun birni na da mutum ɗaya, ta biyu a 4, ta uku a 7. Unguwar ilimi tana ƙaruwa da kowane tsauni da ke maƙwabtaka da ita, ta kasuwanci tana son bakin kogi, ta soja ba ta jingina da tsakiyar birni, dalar Masar sai a hamada. Idan ka aza unguwa, ta zauna ke nan, shi ya sa 'yan wasa ke kafa alamomi a taswira tun kafin su mallaki filin. Wani wasan kuma mai suna Old World ma ya keɓe wuraren da kaɗai za a iya kafa birni.

Ina tare da masu ƙorafi a abu ɗaya. Akwai bambanci tsakanin dokar da ke cewa "gina, amma ga abin da za ka biya" da wadda ke cewa "nan ba a gini". Ta farko tana barin ɗan wasa ya yi kasada, ya ci ko ya faɗi da hannunsa. Ta biyu, idan ta yi yawa, sai kowa ya haddace tsari guda yana maimaitawa. Amma ban yarda da masu cewa a cire takunkumin duka ba. An gwada kusan hakan a 1991 da 1996, kuma abin da aka samu shi ne taswira cike da birane iri ɗaya da ba wanda ke tuna sunansu.

Iyakar matsugunai ta Civilization VII ma ba katanga ba ce. Kana iya ƙetare ta, sai dai kowane matsuguni da ka ƙara yana rage jin daɗin jama'a a duk garuruwanka. Wato ita ma farashi ce irin ta 2005. Bambancin shi ne a wancan lokacin sai ka duba baitulmali ka auna da kanka ko za ka iya ɗaukar birni na gaba, yanzu kuwa lamba ce a saman allo take faɗa maka inda za ka tsaya.