Albert-Félix de Lapparent

Albert-Félix de Lapparent (1905–1975) masanin ilimin duwatsu da burbushin halittun zamanin da ne, ɗan ƙasar Faransa, kuma limamin cocin Katolika. Jika ne ga Albert de Lapparent, wanda shi ma ya yi suna a ilimin duwatsu. Ya koyar a Jami'ar Katolika ta Paris, amma a Hamadar Sahara sunansa ya fito.

Daga 1946 zuwa 1959 ya yi ta zirga-zirga cikin hamada, daga kudancin Aljeriya har yankin Ingal da ke yammacin Agadas a Nijar, yana tattara ƙasusuwa da haƙoran da suka rikiɗe suka zama dutse. Kafin ya tona, sai ya karanci shimfiɗar duwatsun wurin, don sanin wadda ta riga wata kwanciya. A 1960 ya wallafa babban bincike kan dabbobin dainoso (dabbobin zamanin da, dangin kada, waɗanda suka ƙare a duniya) na tsakiyar Sahara, wanda ya nuna cewa wannan ƙasa ta rairayi a da koguna ne da fadamu, cike da kifaye, kadoji da manyan dabbobi.

Gaskiya yawancin abin da ya samo guntaye ne: haƙori nan, ƙashin baya can. Shi ya sa da yawa daga sunayen da ya raɗa ba su ɗore ba. Dabbar da ya kira Elaphrosaurus gautieri, alal misali, Paul Sereno da abokan aikinsa sun sake nazarinta suka mayar da ita Spinostropheus a 2004. Amma shi ya share fage. Bayansa ne Philippe Taquet ya shiga Gadoufaoua a hamadar Tenere, inda aka tono ƙaton kadan nan Sarcosuchus, wanda Lapparent ya riga ya tsinci guntayensa a wasu wuraren, da kuma dainoso mai suna Ouranosaurus nigeriensis.

Ya yi nazarin dainoso na Fotugal tare da Georges Zbyszewski a 1957, ya gano sawun ƙafafunsu a tsibirin Spitsbergen na ƙasar Norway a 1960, sannan ya ba da shekarunsa na ƙarshe ga duwatsun Afganistan.

An karrama shi da sunayen dainoso biyu: Lapparentosaurus na Madagaska a 1986, da Cristatusaurus lapparenti na Nijar a 1998.