Ma'anar NP: nas ɗin da ke duba marar lafiya ta rubuta magani a Amurka, da hanyar kaiwa matsayinta

Wanda ya je ƙaramin asibiti a Amurka da ciwon maƙogwaro ko hawan jini, ba lalle ne ya ga likita ba. Za a shigar da shi ɗaki, wata ta zo ta tambaye shi yadda ciwon ya faro, ta saurari ƙirjinsa, ta tura shi gwajin jini. Sakamako na fitowa ta gaya masa abin da ke damunsa, ta rubuta masa magani. Idan ya dubi katin da ke rataye a wuyanta sai ya ga haruffa biyu bayan sunanta: NP. Ga wanda ya taso ya tarar likita ne ke rubutawa, nas kuma ta yi allura ta ba da magani a kan lokaci, abin yakan ɗaure kai.

Haruffan taƙaitawa ce ta sunan da ake furtawa "nas furaktishina". Kalma ta biyu tana nufin mai gudanar da sana'ar duba marasa lafiya da kansa. NP dai nas ce mai rajista wadda ta koma jami'a ta yi digiri na biyu ko na uku a fannin jinya, ta ci jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa, sannan jiharta ta ba ta lasisin gano cuta, da tura mutum gwaji, da fassara sakamako, da rubuta magani. Akwai maza a cikinsu, amma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa nake cewa "ta". Hausa ba ta riga ta raɗa wa aikin suna ba. Ni dai "nas mai duba marasa lafiya" nake cewa, domin a bakin Bahaushe "dubawa" aikin likita ne: in mutum ya ce an duba shi a asibiti, ba yana nufin an gwada zafin jikinsa kawai ba.

Mutane da yawa suna ɗauka muƙami ne irin na sista ko metiron, wanda daɗewa a aiki ke kai mutum. Ba haka abin yake ba. Nas za ta iya shekara 30 a ɗakin kwanciya, ta san aikin fiye da sababbin likitoci, amma in ba ta bi ta makarantar ba, doka ta hana ta ɗora waɗannan haruffa a bayan sunanta. NP ɗaya ce daga rukunoni huɗu na nas masu babban matakin aiki, waɗanda ake tara su a ƙarƙashin haruffan APRN. Sauran ukun su ne nas masu ba da allurar barci a tiyata, da nas ungozomomi, da nas ƙwararrun wani fanni da ke lura da ingancin jinya a asibiti. Daga cikin huɗun NP suka fi yawa, sun haura 300,000 a ƙasar.

Abin da ya fi kama da ita a Nijeriya su ne jami'an lafiyar al'umma da ke asibitocin sha-ka-tafi, masu duba mutane bisa littafin ƙa'idoji da aka rubuta musu. Kamar ta tsaya ne a kan dalili, wato ƙarancin likita a inda jama'a suke. Matakin karatu da faɗin iko kuwa sun sha bamban ƙwarai.

Aikin ya faro ne a 1965 a Jami'ar Kolorado. Loretta Ford nas ce da ta daɗe tana aikin lafiyar al'umma a karkarar jihar, inda ta ga yara birjik ba likitan da zai duba su. Ta haɗa kai da wani likitan yara, Henry Silver, suka shirya kwas na koya wa gogaggun nas yadda za su duba yaro, su gane cututtukan yau da kullum, su kuma san lokacin da ya wajaba a miƙa shi ga likita. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta kafa inshorar lafiya ta tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicare da Medicaid, sai masu neman a duba su suka ƙaru, likitoci kuwa suna ta karkata zuwa fannonin ƙwarewa a manyan birane. Ford ta sha suka har daga manyan malaman jinya, waɗanda suka ce tana son mayar da nas 'yan koren likitoci. Ta rayu ta ga inda abin ya kai, domin sai a Janairun 2025 ta rasu tana da shekara 104.

Ma'anar kalmar a aikace kuwa tana canzawa daga jiha zuwa jiha, kuma nan ne mai neman shiga ya kamata ya nutsu. Lasisi a Amurka hurumin jiha ne. A fiye da rabin jihohin, irin su Arizona da Oregon da ita kanta Kolorado, NP tana da cikakken iko: za ta iya buɗe asibitinta, ta duba, ta rubuta, ba tare da sa hannun likita ba, ko da yake wasu jihohin sai ta fara cika wasu sa'o'i na aiki tukuna. A jihohi kamar Teksas da Jojiya dole ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani likita da zai riƙa sa ido a kan aikinta. Karatu ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma ƙetare iyakar jiha kan ƙara mata iko ko ya rage. Inshorar Medicare tana biyan aikinta kashi 85 cikin 100 na abin da take biyan likita a kan aiki iri ɗaya.

Taƙaddama a kan wannan iko ba ta mutu ba. Ƙungiyar likitocin Amurka tana adawa da faɗaɗa shi, hujjarta ita ce likita yana shafe dubban sa'o'i a horon asibiti, NP kuwa ɗaruruwa. Masu goyon baya suna kawo binciken da Mary Mundinger ta Jami'ar Kolombiya ta jagoranta, wanda aka buga a 2000, inda aka raba marasa lafiya tsakanin likitoci da NP a matakin farko na kiwon lafiya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani a lafiyarsu ba. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wannan bincike ya shafi kulawar matakin farko ne, bai ce NP za ta maye gurbin likitan zuciya ba. Hujjar likitoci kuma tana da nauyi musamman a yau da makarantun intanet suka yi yawa, wasu suna ɗaukar kusan duk wanda ya nema. An gina aikin ne tun asali a kan nas da ta goge a gefen gado, wadda idonta ya saba da yadda jikin mutum ke rikicewa. In aka cire wannan gogewa, ginin ya rasa tubalin farko.

To yaya ake shiga? Matakin farko shi ne digirin farko a jinya, BSN, da lasisin nas mai rajista, wanda ake samu bayan cin jarrabawar NCLEX. Akwai jami'o'i kamar Yale da ke da hanya ta musamman ga mai digiri a wani fanni dabam, ya fara zama nas sannan ya zarce. Daga nan sai zaɓi tsakanin digiri na biyu, MSN, mai ɗaukar kimanin shekara biyu zuwa uku, da digiri na uku na aikin jinya, DNP, mai ɗaukar uku zuwa huɗu. Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta nemi a mayar da DNP ƙofar shiga kafin 2015, amma abin bai tabbata ba. Har yanzu mai MSN tana zama jarrabawa ɗaya da mai DNP, ta karɓi lasisi iri ɗaya. Mai DNP tana da digirin dakta, sai dai ba likita ba ce, kuma wasu jihohi sun taƙaita yadda za ta kira kanta dakta a gaban marar lafiya.

Kafin zaɓen makaranta akwai zaɓin da ya fi shi nauyi, wato rukunin mutanen da za ki duba. Tun tsarin da aka amince da shi a 2008, ana horar da NP ne a kan rukuni ayyananne: iyali baki ɗaya daga jariri zuwa tsoho, ko manya da tsofaffi, ko yara, ko jarirai sababbin haihuwa, ko lafiyar mata, ko lafiyar ƙwaƙwalwa. A ɓangaren manya da na yara an sake raba shi biyu, kulawar yau da kullum da kulawar masu jin jiki a gadon asibiti. Fannin iyali ya fi kowanne jama'a saboda faɗinsa, amma wadda ta yi shi ba a horar da ita don riƙe ɗakin kulawa ta musamman ba. Wadda ta karanci fannin yara ba ta da hurumin duba dattijo mai ciwon suga. Wadda ta canza ra'ayi daga baya sai ta koma makaranta ta yi ƙarin kwas, ta sake jarrabawa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya zaɓi fanni don ya ji an ce ya fi kuɗi. Ki dubi marasa lafiyan da kike iya kwana a kansu ba ki ƙosa ba.

Takardun nema ba su da wani sirri. Ana son sakamakon digirin farko, galibi maki 3.0 cikin 4.0 ko sama, da shaidar kin yi darasin ƙididdiga, da wasiƙun shaida biyu ko uku daga waɗanda suka ga aikinki da idonsu, da tarihin aiki, da rubutun dalilin neman shiga. Makarantu da yawa sun daina neman jarrabawar GRE, wadda ake yi don shiga karatun gaba da digirin farko. Wasu suna karɓar nema ta dandali guda mai suna NursingCAS, wasu ta shafinsu. Fannonin masu jin jiki sukan nemi gogewar shekara ɗaya ko biyu, fannin jarirai kuwa yawanci shekara biyu a ɗakin bakwaini da jarirai marasa lafiya. A rubutun dalili, cewa "ina son taimakon al'umma" ba ya raba ki da kowa. Abin da ke tsayar da mai karantawa shi ne ki nuna kin san aikin NP, kin san me ya sa wannan fanni, ki kawo wani marar lafiya da kika yi jinya, ba tare da bayyana ko wane ne ba, wanda ya nuna miki iyakar abin da za ki iya yi a matsayinki na yanzu.

Abu biyu ne nake roƙon kowa ya tambaya kafin ya biya ko kwabo. Na farko, ko ɗaya daga hukumomin tantance makarantun jinya, irin su CCNE ko ACEN, ta amince da kwas ɗin, domin in ba haka ba ba za a bar ki ki zauna jarrabawar ƙasa ba. Na biyu shi ne wanda ya fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya: wa zai samo miki wurin horo da mai horarwa? Darussan aji, irin su yadda cuta ke aiki a jiki, da ilimin magunguna, da dabarun duba jiki, ana iya yinsu ta kwamfuta. Amma akwai sa'o'in duba marasa lafiya a ƙarƙashin gogaggiyar NP ko likita, aƙalla 500, kuma ƙa'idojin horar da NP na 2022 sun nemi a kai su 750. Wasu makarantu su ke shirya wannan. Wasu kuwa sai su bar ɗaliba ta yi ta bin asibitoci tana roƙo, har wasu su koma biyan kamfanonin dillanci, wasu kuma zangon karatu ya wuce su don ba su samu ba. A wannan horo ne ake zama NP, a nan ake koyon bambanta tarin mura da tarin da ke nuna zuciya ta gaza. Makarantar da ta karɓi kuɗinki ta bar ki da neman malami ta sauke rabin nauyinta a kanki. Ki nemi amsar a rubuce, ki kuma tambayi kashi nawa na ɗalibansu ke cin jarrabawar ƙasa a zaman farko.

Ga wadda ta yi karatunta a Nijeriya hanyar ta ɗan ƙara tsawo. Sai an tantance takardunta ta hannun hukuma irin TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS, tare da tabbacin rajistarta daga Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, sannan ta ci NCLEX ta sami lasisin wata jiha. Wasu hukumomi da makarantu sukan nemi jarrabawar Turanci. Mai takardar makarantar jinya ta shekara uku yawanci sai ta fara cike giɓi zuwa digiri, mai digirin jinya na jami'a, BNSc, kuwa ta fi kusa da ƙofa. Sannan bizar ɗalibi ba ta yarda a yi karatu kacokan ta intanet ba, don haka yawancin kwasa-kwasan da ake tallatawa a Facebook ba za su kai mutum Amurka ba. Hanyar da ta fi tsari ita ce ki fara aikin nas a can, ki koyi tsarinsu na magunguna da inshora da rubuta bayanai, ki tambaya ko asibitin da kike aiki yana taimakawa da kuɗin makaranta, kamar yadda da yawa suke yi.

Bayan kammalawa sai jarrabawar ƙasa a fannin da kika karanta. Masu fannin iyali suna zaɓa tsakanin jarrabawar hukumomi biyu masu ba da shaidar ƙwarewa, ta AANP da ta ANCC, kowacce kuma ana sabunta shaidarta duk shekara biyar. Daga nan ki nemi lasisin APRN daga jiharki, sannan rajista da DEA, hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, in za ki rubuta magungunan da doka ta sa wa takunkumi, irin masu kashe zafi mai tsanani. Asibitin da ya ɗauke ki da kamfanonin inshora su ma sai sun yi nasu tantancewar, abin da kan ɗauki watanni, don haka ki yi tanadin abin da za ki ci a tsakanin ranar yaye ku da albashin farko.